Edgar Codd, baturen da ya tsara wa kwamfuta rumbun bayanai

Duk ɗalibin da ya shiga ajin rumbun bayanai, a N'Djamena yake ko a Zariya, da sunan Edgar Frank Codd ake fara masa. Ni dai a ganina ya kamata wanda ba ɗalibi ba ma ya san shi, domin kuɗin da kuke turawa ta waya da katin shaidar da ke aljihunku duk a kan tunaninsa suke tafiya.

An haife shi ranar 19 ga Agusta 1923 a tsibirin Portland, kudancin Ingila. Ya karanta lissafi da kimiyyar sinadarai a Oxford, ya kuma tuƙa jiragen saman soja a yaƙin duniya na biyu. A 1948 ya ƙaura Amurka, inda ya kama aiki da kamfanin IBM. A 1953 ya tattara ya koma Kanada, don bai ji daɗin farautar da Sanata McCarthy ke yi wa waɗanda ake zargi da kwaminisanci ba. Daga baya ya dawo. Abin da ya fi burge ni shi ne sai da ya haura shekara arba'in sannan ya kammala digiri na uku, a Jami'ar Michigan a 1965. To, masu cewa girma ya hana su komawa makaranta, kun ji fa.

A wancan zamani, ajiyar bayanai a kwamfuta tamkar sito ne da mutum ɗaya kaɗai ya san inda kowane buhu yake. Mai rubuta manhaja sai ya san hanyar da zai bi daga wannan bayani zuwa wancan. Da zarar an sauya wurin ajiya, manhajar ta tashi aiki. A watan Yuni 1970, yana cibiyar binciken IBM ta San Jose, Codd ya fitar da maƙalar da ta kawo gyara. Ya ce a zuba komai cikin jadawali, kowane layi da mabuɗinsa, wato lamba ko alamar da babu wani layin da ke da irinta. Kowane bayani a rubuta shi wuri guda, a riƙa haɗa jadawali da jadawali ta hanyar mabuɗin. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, nemo hanya aikin na'ura ne.

Kamfaninsa bai yi rawar jiki ba, don yana cin kasuwa da tsohon tsarinsa mai suna IMS. Kafin a farga, Larry Ellison ya ɗauki dabarar ya fito da Oracle a 1979. Sai a 1983 IBM ya sanar da DB2. Shi kuwa Codd ya samu lambar yabo ta Turing a 1981, wadda babu kamarta a fannin kwamfuta. Ko yaren SQL, da abokan aikinsa Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro, bai gamsar da shi ba, yana ganin ya kauce wa ƙa'ida.

A 1985 ya wallafa sharuɗɗansa goma sha biyu. Na sha ɗayan ya shafe mu kai tsaye: ko an rarraba bayanai a kwamfutoci daban-daban, kada mai tambaya ya ga bambanci. Kenan rabin rajista na iya zama a N'Djamena, rabi a Abeche, amma amsa ta fito guda. Wannan fannin ne masu digiri na biyu da na uku ke bincike a kansa har yau.

Sai dai rarrabawa daban, haɗe bayanan da ma'aikatu suka tara kowa da salonsa daban. Ku duba sunayenmu. Mutum ɗaya, a gida Mamman, a makarantar allo Muhammadu, a takardar haihuwa Mahamat. Abubakar ya koma Abakar, Umaru ya koma Oumar. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba ne, mutum biyu ko uku take gani. Daga nan ne fansho ke maƙalewa, ko takardar jarrabawa ta ƙi dacewa da fasfo. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NNI da hukumar ANATS ke bayarwa, ai mabuɗin Codd ne aka ba kowane mutum. Amfaninta zai cika ne idan banki, makaranta da asibiti duk suka rataya bayanansu a jikinta, aka kuma tsare sirrin mutane.

Codd ya rasu ranar 18 ga Afrilu 2003 a jihar Florida, yana da shekara 79. Shawarata ga ƙannenmu masu neman abin da za su yi bincike a kai ita ce su dubi wannan matsala ta sunaye. Manhajar da za ta gane cewa Mamman da Mahamat mutum ɗaya ne, wanda ya ji Hausa da Larabcin Chadi da Faransanci shi ya fi cancanta ya rubuta ta.