Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulemana, mai igwa da albarushi

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram, ko Maraɗi, ko Katsina, ya san lokacin da ƴan bindiga ke saki. Hayaƙi fari ya turnuƙe, warin kibritu ya cika hanci, dawaki su ɗaga kai, yara su watse su kuma dawo. Irin wannan bindiga ta ɗurin baki, wadda ake ce wa adaka, ita ce maharba suka daɗe suna rataye da ita a ƙauyukan Madarunfa da sauran ƙasar Maraɗi, maƙeri kuwa shi ke gyara ta in ta ƙi tashi. Yau ta zama kayan biki da na farauta. Amma akwai zamanin da ita ke naɗa sarki, ita ke tuɓe shi, kuma a duk ƙasar da yanzu ake kira Nijar babu sarkin da ya gane haka kamar Tanimu ɗan Sulemana, Sarkin Damagaram, wanda ya rasu a 1884.

Gidan sarautar Damagaram asalinsa Barebari ne. Kakansu wani malami ne da ya zo daga gabas wajen shekarun 1730, zuriyarsa kuma ta zauna ƙarƙashin Borno, tana kai gaisuwa. Sulemana, uban Tanimu, shi ne ya mai da kujerar sarauta Zindar a farkon ƙarni na 19. A zamanin nan ne jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kori sarakunan Haɓe daga biranensu. Bayan faɗuwar Birnin Katsina wajen 1807, Ɗan Kasawa ya fake a ƙasar Damagaram shekaru da dama, kafin ya zo ya kafa sarautar Katsina a Maraɗi wajen 1819. Saboda haka tun Tanimu yana yaro ƙasarsu tana tsakanin manya biyu: Borno a gabas, wadda ake bi, da daular Sakkwato a kudu, wadda ake tsoro.

Sarauta ba ta zo masa da sauƙi ba. Ɗan'uwansa Ibrahim ne ya gaji ubansu a 1822. Tanimu ya hau a 1841, aka fitar da shi bayan shekara biyu, Ibrahim ya komo. A cikin wannan ja-in-ja Shehun Borno ne ke raba gardama, wanda ya so ya ɗora, wanda ya ƙi ya sauke. Sai wajen 1851 Tanimu ya kama gadon sosai, bai kuma sake shi ba har shekara talatin da ƴan kai. Wanda aka taɓa tuɓewa da umurnin wani, ba ya mance ɗacin abin. Kusan duk aikin da ya yi bayan nan, ganuwa ce ko makamai, yana komawa ga abu guda, wato kada wani daga Kukawa ya sake aiko da manzo ya ce masa tashi.

Ya fara da ganuwa. A tsakiyar shekarun 1850 aka kewaye Birni da katangar ƙasa mai kauri, wadda tsawonta ya kai wajen mita 10 a wasu wurare, da ƙofofi bakwai. Ragowarta na nan har yanzu ga mai son gani. A arewa da Birni kuwa akwai Zango, masaukin ayari, inda Buzayen Abzin da Larabawan Gadamas da na Tarabulus ke sauke kaya. Nan ne asirin ƙarfinsa yake. Hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gat da Agadas ta nufi Kano, ta Zindar take ratsawa, sarki kuwa ya kula da ita kamar yadda manomi ke kula da rijiyar garkarsa. Ya jawo fatake, ya tsare musu hanya, ya shiga cinikin da kansa. Raƙuma su tafi arewa da gashin jimina da kirgi da bayi, su komo da yadi da takarda da tsakiya da takubba, da kuma bindigogi.

Mallakar bindiga a wancan zamani ba ta ƙare a saye ba. Yawancin waɗanda ke isowa ƙasar Hausa masu ƙanƙara ne, ƙirar Turai, an yi su don ciniki, masu araha. Kafin a harba sau ɗaya, sai a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a jefa harsashin dalma, a daka da sanda, a ɗan zuba wani albarushin a ƙaramin kasko na gefe, sa'an nan a ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya kama. Gwani ne ke harbi biyu ko uku a minti guda, harsashi kuma ba ya da tabbas in abin hari ya wuce taku ɗari. Mai baka ya saki kibiya da yawa kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri. In ruwan sama ya sauko, shi ke nan, bindiga ta zama kulki. Ga shi albarushi yana barin baƙar dauɗa a cikin bututu, dauɗar tana jan laima, laima tana kawo tsatsa, sai an wanke da ruwan zafi an shafa mai. Ƙanƙara tana dakushewa, ƙarfen da ke tunkuɗa kunama yana karyewa. Tarabulus kuwa tafiyar watanni ce. Sarkin da ya tara bindiga ɗari bai tanadi maƙera da albarushi ba, bayan damina biyu tarin itace da ƙarfe ne ke gare shi.

A nan Tanimu ya sha bamban da sarakunan zamaninsa. Bai tsaya ga abin da ayari ya kawo ba, ya sa ana yin kayan a gida. Albarushi haɗin abu uku ne: wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa, wanda Faransawa ke kira salfetir, shi ne kashi uku cikin huɗu, sai gawayi, sai kibritu. Gishirin da gawayin ana samun su a ƙasar, kibritu ne ke zuwa daga arewa. Aka riƙa dakawa ana haɗawa a Zindar. Maƙera suka koyi gyaran bindiga da yin harsashi, har suka kai ga abin da ya ba baƙi mamaki, wato zubin igwa da tagulla. Masu tarihi sun ƙiyasta cewa a ƙarshen mulkinsa yana da bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40. Ko da an rage wani abu daga lissafin nan don zuzutawar masu ba da labari, babu wata masarauta tsakanin Kwara da tabkin Cadi da aka ambata mata irin wannan tari a lokacin.

Zubin igwa aiki ne mai haɗari. In iska ta maƙale a cikin narkakken ƙarfe, sai ta bar rami da ido ba ya gani, ranar harbi kuwa igwar tana iya tsagewa ta hallaka masu ita. Jan ta cikin rairayi ma wahala ne. Amfaninta mafi girma ƙara ce da kwarjini. Dokin da bai saba ba, in ya ji ta, sai ya juya da mahayinsa, da lifidi da sulke da komai. Garin da ya ji an tsaya da igwa a bakin ƙofarsa yakan aiko da dattawa tun ba a kunna ba.

Akwai kuma dabarar wanda za a ba makamin. Ɗan sarki da barde suna ganin girmansu a kan doki yake, da takobi da mashi, ɗurin bindiga a ƙasa aikin bawa ne. Tanimu bai yi musu da su ba. Ya danƙa bindigogin a hannun bayin sarki, ya ɗaukaka wasu daga cikinsu ya ba su muƙamai a fada. Ta haka ƙarfin wuta ya zauna wurin mutanen da ba su da hakkin gado, ba su da wani uba sai shi. Mutumin da ya yi shekaru yana kokawa da ɗan'uwansa a kan gado ya san daga ina haɗari ke fitowa.

Da wannan runduna ya faɗaɗa ƙasa. Ƙananan sarautun Sosebaki, irin su Mirya da Wasa da Dungas, suka shiga hannunsa. Sarakunan Daura na Haɓe da ke Zango da Baure suka zama masu bin Damagaram. Ya kuma miƙa hannu gabas zuwa Muniyo, ƙasar Gure, wadda ita ma ta Borno ce. Sa'ad da Bajamushen nan Gustav Nachtigal ya iso Kukawa a 1870 da kyautar Sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar, ya tarar maganar Tanimu tana damun fada. Amma Tanimu bai taɓa yanke igiyar gaba ɗaya ba. Yakan aika da gaisuwa in ya ga iska ta juya, yakan yi shiru in ya ga Borno ta shagala. A yamma kuwa zamaninsa ya zo daidai da na Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi, wanda shi ma ya hana garuruwan daular Sakkwato barci, sai dai ƙarfin Maraɗi da Tsibiri ya fi dogara ga doki da baka da hari na ba-zata.

Dole a faɗi abin da aka biya. Bindiga da kibritu ba kyauta Larabawa ke kawo su ba, kuma babban kuɗin da ake biya da shi mutane ne. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna Zindar a farkon 1851, gab da komowar Tanimu, ya ga yadda ake fita hari a komo da mata da yara a ɗaure, wani lokaci daga ƙauyukan da ke cikin ƙasar ita kanta. Wannan ciniki bai tsaya ba a zamanin Tanimu, sai ma ya ƙaru da ƙaruwar runduna. Ana kama bayi a sayi bindiga, ana ɗaukar bindiga a kamo bayi. Manomin da ke kan iyakar Kano ko Daura, abin da ya sani game da girman Damagaram shi ne kwana a daji da rumbu a ƙone.

Yayin da maƙeran Zindar ke fama da ƙanƙara da tagulla, duniyar makamai tana gudu. Tun 1836 Samuel Colt na Amurka ya yi rajistar ƙaramar bindigar hannu mai tulu mai juyawa, wadda ake ɗura wa harbi biyar ko shida a lokaci guda, a 1851 kuwa ya kai ta babban baje-kolin London. Ita ma da baƙin albarushi take aiki, amma ta bar ƙanƙara, ta koma ga ƴar hular tagulla da ke kamawa da bugu. Bayan ta sai aka shiga yin harsashi mai kwanso, wanda ake sakawa ta baya. A 1884, shekarar da Allah ya yi wa Tanimu rasuwa, wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, bayan shekara biyu kuma sojan Faransa suka karɓi bindigar Lebel da ke aiki da shi.

Ƴaƴansa sun gaji rundunar. Amadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ya kai yaƙi har kusa da Kano a zamanin Sarki Alu, kuma a fadarsa aka kashe Kaftin Cazemajou a watan Mayu 1898. Shekara ta kewayo, rundunar Nasara da Voulet da Chanoine suka jawo daga yamma, suna ƙone garuruwa, ta ratsa ƙasar Hausa. An kashe shugabannin nata biyu a wajen Tasawa a watan Yuli 1899, amma sauran hafsoshi suka ci gaba da ita. A ƙarshen watan aka gamu a Tirmini, yamma da Zindar. Dawaki da bindigogin ɗurin baki ba su iya kusantar sahun masu harbi ta baya ba, yaƙin kuma bai ci yini ba. Nasara suka shiga Birni, aka kashe Amadu a watan Satumba, shekara goma sha biyar bayan rasuwar ubansa.

Zindar ta zama babban birnin mulkin mallaka daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da shi Yamai. Barikin da Faransawa suka gina suka sa wa sunan Cazemajou, daga baya an sauya masa suna zuwa na Tanimu. Marigayi André Salifou, ɗan garin, ya wallafa tarihin Damagaram a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo da sunan sarkin.