Daisy Bates, Uwar Yara Tara

An haifi Daisy Bates a garin Huttig na jihar Arkansas, kudancin Amurka, a 1914. Ita da maigidanta suka kafa jaridar Arkansas State Press a 1941 domin kare haƙƙin baƙar fata. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata. To, a 1957 ita ce ta tsaya wa yara tara baƙaƙe da suka nufi makarantar Central ta birnin Little Rock. Gwamna Faubus ya sa dakarunsa suka tare ƙofa, sai da Shugaba Eisenhower ya aiko da soja suka raka yaran. Masu talla kuwa suka juya wa jaridarta baya, har ta durƙushe a 1959. Ta rasu a 1999.