Wilt Chamberlain, Dogon Da Aka Yi Wa Taron Dangi

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan ƙwallon kwando ya san cewa a cikin mutum biyar ɗin da kowace ƙungiya kan saka a fili, akwai wani dogo wanda ba ya nisa da gindin kwando. Shi ne ake kira ɗan tsakiya. Idan ƙungiya ta yi sa'ar samun ɗan tsakiya gwani, to abokan karawarta ba su da wani aiki sai neman yadda za su hana ƙwallo isa hannunsa. A tarihin wannan wasa da wuya a sami wanda ya sha irin wannan tsaro kamar Wilt Chamberlain na ƙasar Amurka, kuma tarihinsa ya nuna yadda ƙungiya za ta yi idan aka ɗaure mata gwaninta.

An haifi Wilton Norman Chamberlain ran 21 ga Agusta, 1936, a birnin Filadelfiya, a gidan baƙar fata masu neman na tuwo, kuma su tara ne a wurin iyayensu. Tun yana makarantar sakandare ta Overbrook tsawonsa ya doshi ƙafa bakwai, daga baya ya tsaya a kan ƙafa 7 da inci 1. Shi kuwa kwando ƙafa 10 ne daga ƙasa, watau ke nan in ya yi ɗan tsalle sai ya dangwara ƙwallo a ciki. Bayan tsawo yana da gudu da ƙarfi, har ya yi suna a wasannin tsalle da tsere.

A shekarar 1953 aka fara nuna masa abin da zai yi ta fama da shi. A wasan ƙarshe na gasar makarantun birnin, 'yan makarantar West Catholic suka sa masa mutum huɗu suna kewaye da shi. Duk da haka ya ci maki 29, amma sauran abokansa suka kasa amfani da sararin da aka bar musu, aka cinye su 54 da 42. A shekaru biyu da suka biyo baya makarantar tasu ta ɗauki kofin.

A 1955 ya shiga Jami'ar Kansas. A wasansa na farko da babbar ƙungiyar jami'ar, cikin watan Disamba na 1956, ya ci maki 52 shi kaɗai. Ran 23 ga Maris, 1957, suka haɗu da Jami'ar North Carolina a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar. Mai koyar da North Carolina, Frank McGuire, ya sa mutum ɗaya a gaban Chamberlain, ɗaya a bayansa, na uku kuma ya rugo da zarar ƙwallo ta nufo shi. Wannan dabara ta bar sauran 'yan Kansas ba mai tsaronsu sosai, amma jifar da suke yi daga nesa ba ta shiga. Sai da aka ƙara lokaci har sau uku. Ana saura daƙiƙa kaɗan, North Carolina tana gaba da maki ɗaya, kowa a wurin ya san inda Kansas za ta aika da ƙwallo. Aka cilla masa ita, wani ɗan wasa mai suna Joe Quigg ya doke ta a hanya, wasa ya tashi 54 da 53. Chamberlain ya ci maki 23, kuma shi aka zaɓa gwanin gasar, amma wannan kaye ya daɗe yana ci masa rai.

Shekarar da ta biyo baya abin ya ƙara muni. A wancan zamani babu dokar da ta ƙayyade wa 'yan wasan jami'a lokacin da za su riƙe ƙwallo kafin su jefa, saboda haka abokan karawa sukan yi ta miƙa wa juna ita na tsawon mintoci don kada ta zo hannunsa, in kuwa ta zo sai mutum uku su rufe shi. Da ya gaji, sai ya bar jami'a a 1958 ya shiga ƙungiyar nan ta masu wasan nishaɗi, Harlem Globetrotters, a kan dala 50,000, har ya bi su birnin Mosko na ƙasar Rasha a 1959.

A wannan shekara ta 1959 ya shiga babbar gasar ƙwararru ta Amurka, watau NBA, da ƙungiyar Warriors ta garinsu. A nan doka ta ce tilas a jefa ƙwallo cikin daƙiƙa 24, don haka ba damar a ɓoye masa ita. A shekararsa ta farko yana cin kimanin maki 37 a kowane wasa, aka ba shi lambar gwanin sababbin shiga da ta gwanin gwanaye gaba ɗaya. A kakar 1961 zuwa 1962, mai koyar da su shi ne Frank McGuire ɗin nan da ya kayar da shi a jami'a, kuma shirinsa shi ne a ba Chamberlain ƙwallo a kusan kowane hari. A wannan kaka ya ci maki 4,029, watau fiye da 50 a kowane wasa. Ran 2 ga Maris, 1962, a garin Hershey, ya ci maki 100 cif a wasan da suka doke Knicks ta New York 169 da 147. Har yau ba wanda ya sake yin haka a gasar.

Amma fa duk wannan bajinta ba ta kawo kofi ba. Shekara bakwai a jere, daga 1960 zuwa 1966, shi ne ya fi kowa cin maki, kuma a cikin shekarun nan bakwai ƙungiyar Celtics ta Boston ce ke ɗaukar kofi. Su Boston suna da nasu ɗan tsakiyar, Bill Russell, wanda ya ƙware wajen tsaro. Russell yakan tura shi nesa da inda ya fi son tsayawa, sauran kuma su matso su taimaka, in abin ya gagara sai su riƙe shi da gangan, domin sun san raunin da yake da shi. Jifar fansa da ake ba wanda aka yi wa laifi, da ƙyar yake cin rabinta. Har wa yau a 1964 hukumar gasar ta faɗaɗa filin nan na gindin kwando da ba a yarda mai kai hari ya wuce daƙiƙa uku a cikinsa ba, daga ƙafa 12 zuwa 16, don a nisanta shi da kwandon. 'Yan jarida suka shiga cewa shi mai tara maki ne kawai, ba ya iya kai ƙungiya ga nasara.

A halin nan ƙungiyar Warriors ta riga ta ƙaura zuwa San Francisco, kuma a watan Janairu na 1965 ta sallama shi ga 76ers, ya komo Filadelfiya. A 1966 aka naɗa Alex Hannum ya zama mai koyar da su. Hannum ya taɓa koyar da shi a San Francisco, kuma shi ne ya taɓa doke Boston a 1958 da ƙungiyar St. Louis. Ya nuna wa Chamberlain a fili cewa yanzu yana tare da gwanaye irin su Hal Greer, da Chet Walker, da Billy Cunningham, da Wali Jones, da Luke Jackson, saboda haka lokaci ya yi da zai rage jifa ya riƙa raba ƙwallo. Da farko sun yi sa-in-sa, daga baya ya amince.

Lissafin Hannum ba shi da wuya. Mutum biyar ne ke tsaron mutum biyar. Idan biyu suka tafi kan ɗan tsakiya, lalle akwai wani ɗan wasa guda da ba mai tsaronsa, aikin ƙungiya kuwa shi ne ta gano shi kafin masu tsaro su koma wurarensu. Don haka sai a ba Chamberlain ƙwallo yana ba kwando baya, ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya inda ba mai iya kai wa gare ta, ya jira. Abokansa biyu su sheƙa a guje ta gefensa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna giciye kamar almakashi. Wanda mai tsaronsa ya maƙale a jikin Chamberlain, shi za a miƙa wa ƙwallo ya saka. Idan masu tsaro suka taru a gindin kwando, sai ya mai da ita waje ga Greer ko Jones, waɗanda jifarsu daga nesa ba ta cika kuskure ba. Idan kuwa mai tsaro ya tsaya a gabansa don ya tare hanyar ƙwallo, sai a zaga da ita ɗaya gefen filin inda hanya ta buɗe, ko a cilla masa ita ta saman kan mai tsaron. In an bar shi da mutum ɗaya, to ya ci makinsa kamar yadda ya saba.

A kakar 1966 zuwa 1967 jifar da yake yi a kowane wasa ta sauko zuwa kamar 14, alhali a shekarar maki ɗari tana kai kusan 40. Makinsa ya koma 24, amma kashi 68 cikin ɗari na abin da ya jefa ya shiga, kuma yana miƙa wa abokansa ƙwallon da suke ci kusan sau takwas a kowane wasa. Ƙungiyar ta ci wasa 68, aka cinye ta 13 kacal. Suka haɗu da Boston, wadda ta ɗauki kofi shekara takwas a jere, suka fitar da ita da ci huɗu da ɗaya. A wasa na biyar, wanda suka ci 140 da 116, Chamberlain ya ci maki 29, ya cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 36, ya kuma ba da 13 aka ci. Sa'an nan suka doke tsohuwar ƙungiyarsa ta San Francisco suka ɗauki kofi. A shekara ta gaba ya miƙa ƙwallo 702 da aka ci, ya fi kowa a gasar, ko da yake Boston ta rama ta fitar da su bayan suna gaba da ci uku da ɗaya.

A 1968 ya koma ƙungiyar Lakers ta Los Angeles. Sau biyu suna zuwa wasan ƙarshe ana kayar da su, a 1969 da 1970, ga kuma ciwon gwiwa da ya kwantar da shi wata da watanni. A 1971 sabon mai koyarwa, Bill Sharman, ya kawo wata dabarar. Aikin Chamberlain ya zama tsare kwandonsu, ya cafke ƙwallo, ya wurga ta gaba nan take ga Jerry West ko Gail Goodrich, su ci tun masu tsaro ba su gama komawa gida ba, balle su sami damar kewaye wani. Da haka suka ci wasa 33 a jere, suka gama kaka da nasara 69, suka doke Knicks suka ɗauki kofin 1972. Makinsa a wannan kaka bai kai 15 a kowane wasa ba, amma shi aka zaɓa gwanin wasannin ƙarshe.

Ya bar wasa a 1973 da maki 31,419, da cafke ƙwallo sau 23,924, kuma a cikin wasa 1,045 ba a taɓa fitar da shi don yawan laifi ba. Daga nan ya mai da hankali ga ƙwallon raga da harkokin kasuwanci. A watan Janairu na 1998 ya koma Kansas inda aka rataye rigarsa mai lamba 13 don girmamawa, ya tarar jama'ar da yake zaton suna riƙe da shi kan kayen 1957 suna ta tafa masa. Ya mutu ran 12 ga Oktoba, 1999, a gidansa da ke Los Angeles, saboda ciwon zuciya, yana da shekara 63.

Masu koyarwa na baya sun ci gaba da aiki da wannan dabara. Hakeem Olajuwon, haifaffen birnin Ikko, da ita ya ɗauki kofin NBA sau biyu, a 1994 da 1995, inda ƙungiyar Rockets ta Houston ta kewaye shi da masu jifa daga nesa irin su Kenny Smith da Robert Horry, duk wanda ya bar su ya tafi kansa sai ya ga ƙwallo a kwando. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kofi biyu Chamberlain ya ɗauka a shekara 14 da ya yi a gasar, kuma dukansu ya same su ne a shekarun da ya yarda ya bar wa abokansa jifa.