Labarin Christopher Wren, Maginin Majami'u na Landan

A tsakiyar birnin Landan, a ƙasar Ingila, akwai wani kangon majami'a wanda ake kira Christ Church Greyfriars. Ba shi da rufi, ba a kuwa yi sujada a ciki ba tun 1940. Hasumiyarsa kaɗai ta tsaya cikakkiya, da sauran bango. A wannan wata za mu ba masu karatu labarin mutumin da ya gina shi.

An haifi Christopher Wren a 1632, a ƙauyen East Knoyle, inda ubansa yake limamin ekklesiyar Anglican. Yana yaro yaƙin basasa ya tashi tsakanin Sarki da Majalisa. Danginsa na wajen Sarki ne, domin haka suka sha wuya. Aka kori ubansa daga aikinsa a Windsor, aka kulle ɗan'uwan ubansa, Bishop na Ely, shekara 18 a kurkuku.

Wren bai fara da gini ba. Lissafi ya koya a Oxford, da ilimin taurari. A 1657 aka ba shi kujerar koyar da ilimin taurari a Landan, a 1661 kuma aka ba shi irinta a Oxford. Da lissafin nan ya san nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, da faɗin rufin da zai tsaya ba tare da tokara ba.

Ran 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi. Gidajen birnin yawancinsu na katako ne, suna manne da juna, ga iska. Gobarar ta yi kwana huɗu tana ci. Ta cinye gidaje wajen 13,200, da majami'u 87 na unguwoyi, da babbar majami'ar St. Paul. Nan da 'yan kwanaki Wren ya kai wa Sarki Charles na Biyu zanen sabon birni mai manyan hanyoyi miƙaƙƙu. Ba a yi aiki da shi ba, gama kowane mai gida yana so ya koma filinsa na dā. Amma a 1669 Sarki ya naɗa shi shugaban gine-ginensa, aikin sake gina majami'u kuma ya zo hannunsa. Shi da mataimakansa suka gina fiye da 50. Kuɗin ya fito daga harajin da aka sa a kan kwal mai shigowa birni.

Christ Church tana cikinsu. Wurin yana da tsohon tarihi. 'Yan zuhudu mabiyan Francis, masu sa tufafi ruwan toka, su suka fara zama a nan wajen 1225, daga launin tufafinsu ne aka sami sunan Greyfriars. A 1306 aka fara gina musu majami'a ƙatuwa, aka binne matan sarakuna a ciki. Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan zuhudun a 1538, daga baya ginin ya zama majami'ar unguwa. A 1552 aka buɗe makarantar marayu da 'ya'yan matalauta a gefensa, wato Christ's Hospital.

Sa'anda Wren ya zo sake ginin, bai nemi girman na dā ba. Ya ɗora sabon gini a kan harsashin sashen gabas kaɗai, aka gama a 1687. Ra'ayinsa shi ne, a majami'ar Anglican dole kowane mutum ya ji mai wa'azi, ya kuma gan shi, har wanda yake zaune can baya. Domin haka ya yi ɗaki mai faɗi, da manyan tagogi masu shigo da haske, da ginshiƙai jeri biyu masu riƙe rufi. Ya yi benaye masu hawa-hawa inda yaran makarantar suke zama. Hasumiya ita ce ta zo ƙarshe, a 1704. Tsawonta wajen ƙafa 160 ne, hawa-hawa ce ta farin dutse, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta.

Duk wannan lokaci yana fama da St. Paul, wadda aka fara a 1675. Cikin gidansa kuwa akwai baƙin ciki. Matarsa ta fari ta mutu da agana a shekaran nan, ta biyu ta mutu a 1680, bai sake aure ba. Majalisa ta ga kamar yana jinkiri, sai a 1697 ta riƙe rabin albashinsa na fam 200 a shekara har a gama. Bai bar aikin ba. Aka ɗora dutsen ƙarshe a 1708, aka biya shi haƙƙinsa a 1711. A 1718 aka tuɓe shi daga muƙaminsa, bayan hidimar kusan shekara 50. Ya mutu a 1723 yana da shekara 90, aka binne shi cikin St. Paul.

Christ Church ta yi shekara fiye da 250 ana sujada a ciki. Daren 29 ga Disamba 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Jamus suka zubo wuta a kan Landan. St. Paul ta tsira, amma rufin Christ Church ya ƙone ya faɗa ciki. Bayan yaƙi ba a sake gina ta ba, gama mazauna tsakiyar birni sun ragu ƙwarai. Aka haɗa jama'arta da ta majami'ar St. Sepulchre da ke kusa. Daga baya aka rushe bangon gabas domin a faɗaɗa hanya.

A 1989 aka mai da cikin kangon lambu, bisa ga fasalin da Wren ya zana. An shuka furanni inda kujeru suke dā, an kafa dogayen katakai inda ginshiƙai suka tsaya, hanyar tsakiya tana nan a wurinta. Ma'aikatan ofisoshi sukan zo su huta a nan da tsakar rana. Wanda ya tsaya a wurin ya duba kudu, zai hangi ƙubbar St. Paul kusa ƙwarai, aikin hannun mutum ɗaya ke nan da hasumiyar da ke bisa kansa.