Alfred Nobel, mutumin da ya sa wa nakiya linzami

A mako na uku na IT ɗina, a wani wurin fasa dutse, aka tayar da ramuka, ƙasa ta girgiza, ƙura ta turnuƙe, amma mai kula da fashewar bai bari an busa usur ɗin komawa aiki ba. Ya ce jikinsa ya ba shi akwai ramin da bai tashi ba. Muka zauna bayan tudu cikin rana, ba mai motsi, har lokacin jira ya cika ya je ya duba shi kaɗai. Kuma gaskiyarsa. Wallahi ran nan na san bambancin abin da ake haddacewa a handawut da abin da ke sa gwiwa rawa. Tambayar da na dawo hostel da ita ita ce: me ya sa abin da zai iya tsaga dutse yake kwanciya lamo a rami sai an tashe shi? Neman amsar ne ya kai ni ga Alfred Nobel, wanda yawancinmu ba mu san shi da komai ba sai kyautar da Wole Soyinka ya ci a 1986.

An haife shi a Stockholm, babban birnin Suwidin, ranar 21 ga Oktoba, 1833. Mahaifinsa Immanuel mutum ne mai ƙirƙira amma marar sa'ar kasuwa. Ya karye, ya tafi Rasha neman sa'a, iyalin suka bi shi zuwa St. Petersburg a 1842. Can ya samu, yana ƙera wa sojan sarkin Rasha nakiyoyin ruwa, har ya ɗauko wa 'ya'yansa malamai na gida. Alfred ya tashi yana jin harsuna biyar, ga ilmin haɗa sinadarai. Da yaƙin Kirimiya ya ƙare a 1856, cinikin makamai ya tsaya, uban ya sake karyewa.

A wancan zamani albarushi ne kawai abin fasa dutse, wannan dai na bindigar maharba. Shi albarushi ƙonewa yake yi da sauri, hayaƙinsa ya cika rami ya tura dutsen, ya rabe shi manya-manya. Gudun wutarsa bai wuce 'yan ɗaruruwan mita a daƙiƙa ba, kuma da ya jiƙe ya tashi aiki. Ga mai son ya ɓamɓaro falalen dutse ba tare da ya farfashe ba, hakan daidai ne. Ga mai haƙa hanyar jirgin ƙasa ta cikin tsauni kuwa, aiki ne na shekara da shekaru.

A 1847 wani ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya gano wani ruwa mai kama da mai, naitirogilisarin. Wannan ba ƙonewa yake ba. Girgiza ce ke ratsa shi da gudun fiye da kilomita bakwai a daƙiƙa ɗaya, duk ya tashi lokaci guda, ya niƙe dutse maimakon ya tura shi. Matsalarsa ba shi da alƙawari. Ka kanga masa wuta wani lokaci ya ci shiru kamar fitila, ka bugi tulunsa ko zafi ya taɓa shi ya tashi da kai. Sobrero kansa ya tsorata da shi, ya yi ta gargaɗi a kansa. Nobel kuwa ya ƙwallafa rai.

Abin da ya fara warwarewa, wanda ni a ganina ya fi dinamait ɗin kansa muhimmanci, shi ne yadda za a tashe shi a lokacin da aka ga dama. Tsakanin 1863 da 1865 ya fito da 'yar ƙwayar tayarwa: ɗan ƙaramin abu mai saurin fushi, wanda fashewarsa ke ba babban bugun da yake jira. Daga nan aka raba abubuwan fashewa gida biyu, ƙanana masu tsokana da ake amfani da su kaɗan-kaɗan, da manya masu nauyin jiki da ba sa tashi sai an tashe su. Shi ya sa har gobe ba a ajiye su ɗaki ɗaya, ba a ɗaukar su tare. Duk wanda ya yi IT a irin wurin nan ya ga ma'ajiyar da masu gadinta, da littafin da ake rubuta kowace ƙwaya da ta fita.

Bai samu wannan a banza ba. Ranar 3 ga Satumba, 1864, rumfar aikinsu da ke Heleneborg a Stockholm ta tashi, mutum biyar suka mutu, har da ƙanensa Emil. Ba a jima ba uban ya samu shanyewar jiki. Hukuma ta hana irin wannan aiki a cikin gari, Alfred ya koma yi a kan wani kwalekwalen dako a tafkin Malaren. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutum ya binne ƙanensa, ya koma kan abin da ya kashe shi. Ko taurin zuciya ne ko gani ya yi idan ya bari jinin ya zuba a banza, kowa da yadda zai karanta shi. Haɗurra dai ba su tsaya ba: a 1866 wani akwatin ruwan ya fashe a San Francisco ta Amurka, masana'antarsa ta Krümmel kusa da Hamburg ma ta tashi.

A 1867 ya yi rajistar dinamait. Dabarar kamar wasa: ya shayar da ruwan ga wata irin farar ƙasa mai tsotsewa, ya zama kamar ƙullu, ana naɗe shi sanda-sanda a takarda. Ƙarfi ya ɗan ragu, tunda ƙasar ba ta fashewa, amma yanzu ana iya ɗauka a kai shi bakin rami a cusa. Sunan daga kalmar Girkanci ne mai nufin ƙarfi. (Mu kuwa Hausawa muka haɗa shi suna da nakiyar gara, wadda ake rabawa a gidan biki. Allah ya sa kada wani ya rikita oda.) Da shi aka haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotthard a Suwizalan, mai tsawon kilomita 15, aka buɗe shi a 1882. Amma dinamait ma yana da halinsa. Idan ya tsufa yakan yi gumi, ruwan ya tsattsafo waje, ya koma ga tsohon rashin alƙawarinsa. Yana daskarewa a sanyi, kuma mai taɓa shi da hannu yana kwana da ciwon kai.

A 1875 ya gyara wannan da nau'in da ya yi kama da danƙo, wanda ya fi dinamait ƙarfi kuma ruwa ba ya ɓata shi, har a ƙarƙashin kogi ana aiki da shi. A 1887 kuma ya fito da balistait, albarushi marar hayaƙi, na bindigogi. Nan ne labarin ke ɗan ɗaci, domin wannan ba na fasa dutse ba ne.

Abin da na gani a ramukanmu ma ba nasa ba ne. Bayan 1950 aka koma ga ANFO, haɗin amoniyam naitiret da mai: ga araha, ga sanyin hali, har ƙwayar tayarwa kaɗai ba ta isa ta tashe shi sai an sa masa ɗan taimako a tsakani. Amma ramin da ruwa ya kwanta a ciki ba nasa ba ne, narkewa yake. Da damina sai a koma ga imolshon, mai kauri kamar man shafawa, wanda ba ruwansa da ruwa amma ya fi tsada. Idan ka duba, duk tambayoyin Nobel ne ake ta amsawa: yaya gudunsa, me ke tashinsa, yana jure ruwa, nawa ne kuɗinsa.

Ya tara dukiya da rajistar ƙirƙira 355, bai taɓa aure ba, yana yawo tsakanin ƙasashe. Bertha von Suttner, wadda ta yi masa sakatariya na ɗan lokaci a 1876 ta kuma zama mai fafutikar hana yaƙi, sun ci gaba da musayar wasiƙu har ƙarshen rayuwarsa. Ranar 27 ga Nuwamba, 1895, a Paris, ya sa hannu a wasiyyar da ta ware kusan duk dukiyarsa, wajen kurona miliyan 31, don kyaututtuka biyar: fizis, kimistiri, likitanci, adabi da zaman lafiya. Wasu cikin danginsa sun ja, sai a 1901 aka fara bayarwa, ita Bertha ta karɓi ta zaman lafiya a 1905.

A shekarunsa na ƙarshe ciwon zuciya ya kama shi, likitoci suka rubuta masa magani: naitirogilisarin, 'yan ɗigo, don yana buɗe hanyoyin jini. Har yau ana ba masu ciwon ƙirji shi a ƙarƙashin harshe. Ya rasu a San Remo ta Italiya ranar 10 ga Disamba, 1896, yana da shekara 63.