Likita Adeoye Lambo, Mutumin da Ya Kwance Mari

A wannan wata muna so mu ba ku labarin Likita Thomas Adeoye Lambo, wanda ya ba da ransa ga masu taɓin hankali, mutanen da kowa ya ke gudu.

An haife shi a Abeokuta, cikin ƙasar Yarbawa, ran 29 ga Maris, 1923. Ya yi makarantar Baftis ta garinsu, daga nan ya tafi Ingila ya koyi aikin likita a Birmingham. Bayan haka ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na birnin London. A 1954 ya komo gida, aka danƙa masa sabon asibitin Aro, kusa da Abeokuta.

A zamanin nan, in mutum ya haukace, ko dai danginsa su sa shi a turu, ko gwamnati ta kulle shi a gidan mahaukata, wanda bambancinsa da kurkuku kaɗan ne. Har wa yau waɗansu likitocin Turawa sun rubuta cewa hankalin baƙar fata dabam ya ke, wai ciwon baƙin ciki mai tsanani bai cika kama shi ba. Lambo bai tsaya gardamar baki da su ba. Sai ya ƙudura ya nemi gaskiyar maganar ta wurin bincike.

Ga yadda ya shirya aikin. Sa'ad da ya zo ba a gama ginin asibitin ba tukuna, sai ya roƙi dattawan ƙauyuka huɗu na kewaye su ba marasa lafiya masauki. Kowane mai ciwo ya kan zo da ɗan'uwansa guda, uwa ko ƙanwa ko goggo, mai yi masa tuwo da wanki. Da safe su je asibiti karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a. Masu gida suna samun kuɗin haya, ƙauyukan kuma aka kai musu ruwan famfo. Har masu maganin gargajiya ya jawo kusa, gama ya san wurinsu mutane su ke fara zuwa. Da farko an ji tsoro ƙwarai, amma da aka ga masu ciwo suna samun sauƙi suna komawa gonakinsu, sai tsoron ya kau.

Da ya ke dangi suna nan, likitoci suka sami jin tarihin kowane ciwo tun daga mafarinsa, suna rubutawa. Ta haka asibitin ya zama wurin magani, wurin koyarwa, da wurin bincike gaba ɗaya. A 1961 Lambo ya gama kai da Likita Alexander Leighton na jami'ar Cornell ta Amurka. Suka bi gari da ƙauyuka suna tambayar mutane, suka gwada abin da suka samu da na wani yanki na Kanada. Littafinsu ya fito a 1963, ya kuwa nuna cututtukan hankali na Yarbawa da na Turawa sun yi kama da juna ƙwarai. A 1961 ɗin kuma ya tara likitocin hankali na Afirka a Abeokuta, taron da ba a taɓa yin irinsa ba.

Ya zama shehun malami a jami'ar Ibadan a 1963, ya shugabance ta daga 1968 zuwa 1971. Daga can ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya zama mataimakin shugaba har 1988. Ya rasu ran 13 ga Maris, 2004.

To, 'yan'uwa, mene ne rabonmu cikin wannan labari? Mu a Daudawa, da Faskari, da Sabuwa, da Ƙanƙara, mun sha wuya a hannun 'yan bindiga. Ba mu manta da Disamba ta 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Akwai waɗanda suka kuɓuta da rai, amma barci ya ƙaurace musu, waɗansu kuwa sun bar magana. Kada mu ce da su mahaukata, kada kuma mu ɗaure su. Ciwo ne, yana da magani kamar zazzaɓi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato. In za a kai mai ciwo, bari wani nasa ya raka shi, ya zauna tare da shi, ya faɗa wa likita dukan abin da ya gani ba ɓoyewa. Abin da Lambo ya tabbatar ke nan a Aro: maganin likita ya fi ci sa'ad da ɗan'uwa ya ke kusa.