Reginald Denny: Ɗan Fim Ɗin Da Ya Mai Da Jirgin Wasa Jirgin Soja

Gabatarwa

A ajin fassara na fara cin karo da sunan nan, jirgi maras matuƙi. An sa mu saurari labarun duniya a rediyo ne, mu fito da sababbin kalmomin da 'yan jarida suka ƙirƙiro. Ni da ban tashi da Hausa ba sai da na sake tambaya, domin a tunanina jirgi da matuƙi tamkar doki ne da mahayinsa. Daga nan na shiga binciken asalin abin, ina zaton zan tarar da wani janar ko shehun malamin kimiyya. Abin mamaki, sai na ci karo da ɗan wasan kwaikwayo mai kantin kayan wasa. Tarihinsa ne nake son in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a taƙaice.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Reginald Denny ranar 20 ga Nuwamba, 1891, a garin Richmond da ke kusa da Landan a ƙasar Ingila. Wasan kwaikwayo gadonsa ne, domin mahaifinsa ɗan wasa ne kuma mawaƙi, shi ma tun yana yaro ya fara hawa dandamali. Ya kuma taɓa damben Turawa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga rundunar jiragen saman Birtaniya, aka horar da shi harbi daga cikin jirgi. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Bayan yaƙi tauraronsa ya haska a Holiwud ta Amurka, a zamanin finafinan da ba a jin magana a cikinsu. A 1922 ya fito a matsayin ɗan dambe a jerin finafinan The Leather Pushers. Da aka fara sa murya a fim, sai harshensa ya tona shi. 'Yan kallo sun saba ganinsa a matsayin saurayi Ba'amurke, ga shi kuwa karin harshensa na Ingila ne tsantsa. Daga nan ya koma fitowa a matsayin mataimaki, kamar a fim ɗin Rebecca na 1940. Mu ɗaliban harshe mun san wannan ciwo: ko ka iya nahawu, baki ba ya ɓoye asali.

Kantin jiragen wasa

A tsakiyar shekarun 1930 Denny ya buɗe kanti a Holiwud, yana sayar da ƙananan jiragen da ake harhaɗawa da itacen balsa marar nauyi. Akwai jirgin da ya sa wa suna Dennyplane, akwai kuma ɗan injin mai suna Dennymite, wanda wani injiniya, Walter Righter, ya ƙera. Irin waɗannan jirage sakinsu kawai ake yi. Inda iska ta kai su, can mai su zai bi da gudu.

Sarrafa abu daga nesa da rediyo ba Denny ne ya fara ba. Tun 1898 Nikola Tesla ya nuna ɗan kwale-kwalen da ake juyawa ta wannan hanya a birnin New York. Matsalar jirgin wasa ita ce nauyi. Rediyon wancan zamani da bawul-bawul na gilashi yake aiki, ga su da saurin fashewa, ga cin batir. Na'urar aikawa tana ƙasa a hannun mai jirgi, ta karɓa tana cikin jirgin. Idan saƙo ya iso, sai ya motsa wani ɗan makunni, shi kuma ya saki wata ƙugiyar da murɗaɗɗiyar roba ke juyawa, ita ce ke karkata wutsiyar jirgin dama ko hagu. Wasu tagwaye, Walter da William Good, sun tashi jirginsu ta rediyo a 1937 a jihar Michigan, amma kaɗan ne suke samun irin wannan nasara.

Daga wasa zuwa yaƙi

A nan ne horon da Denny ya samu a soja ya yi masa rana. A lokacin, idan ana koya wa sojoji harbo jirgi, jirgi mai matuƙi ne ke jan wani dogon ƙyalle a bayansa, su riƙa harbin ƙyallen. Ka ga ran matuƙin na cikin haɗari, ƙyalle kuma ba ya kauce-kauce irin na jirgin abokan gaba. Ingila tana da Queen Bee tun 1935, amma cikakken jirgi ne mai tsada. Denny ya ga cewa ƙaramin jirgi mai araha, wanda ba za a yi kuka ba idan an kakkaɓo shi, shi ne maganin abin.

Gwaje-gwajen farko ba su yi daɗi ba, an yi ta faɗuwa ana sake gini. Da sannu shi da abokan aikinsa suka kafa kamfanin Radioplane, sojan Amurka ya fara da sayen guda 53. Daga baya aka fito da samfurin OQ-2. Faɗin fukafukansa ya kai wajen ƙafa 12, ana cilla shi daga kan wani dogon ƙarfe kamar yadda ake harba dutse da danƙo, idan kuma ya tsira daga harsashi sai a sauko da shi da laima. An ƙera kusan 15,000 a Yaƙin Duniya na Biyu. Hausawa sun yi gaskiya, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A masana'antar ce ma wani mai ɗaukar hoto na soja, David Conover, ya ɗauki hoton wata ma'aikaciya, Norma Jeane Dougherty, wadda duniya ta sani daga baya da sunan Marilyn Monroe.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1952 kamfanin Northrop ya saye Radioplane. Denny ya ci gaba da fim har zuwa Batman na 1966. Ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1967, yana da shekara 75, a lokacin da ya kai ziyara Richmond, garin da aka yanke masa cibi. Kafin rasuwarsa taransista ta riga ta kori bawul, na'urorin suka yi sauƙi, mai jirgin wasa ya samu damar karkata shi daidai gwargwadon yadda ya motsa yatsa.

Kammalawa

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, jirgin Denny an yi shi ne don a harbe shi, a tsirar da ran matuƙi. Jikokinsa kuwa su ne ke harbi. Mutanen Tudun Biri a jihar Kaduna sun ga haka a Disamban 2023, lokacin da irin wannan jirgi ya hallaka mutane da dama a wurin taron Maulidi bisa kuskure. Ba na ɗora wa Denny wannan alhaki. Sai dai tun da na san tarihinsa na daina gamsuwa da sunan da muka koya a aji. Jirgin yana da matuƙi, a ƙasa yake zaune.